Masu Sa Citta Fure a Ƙasar Sanyi

A wajen manomin Kaciya ko Kagarko, amfanin citta yana ƙarƙashin ƙasa. Kara da ganye shaida ce kawai ta yadda yatsu ke kumbura a ciki, kuma ranar da ganyen ya yi ruwan ɗorawa ya kwanta, an san lokacin tono ya yi. Fure ba ya cikin lissafi, domin cittar da muke dakawa a yaji ba kasafai take yin sa ba. Amma citta mai dangi ce, danginta sun haura iri 1,000. Gangamau na ciki, citta mai ƙwaya na ciki. Akwai kuma waɗanda ba ruwansu da turmi ko tukunya, ido da hanci kawai suke yi wa aiki. A Ingila akwai masu lambu da suka ɗora wa kansu sa irin waɗannan su yi fure a fili, a ƙasar da raɓa ke daskarewa a kan ciyawa tun daga Oktoba ko Nuwamba, wani lokaci har cikin Mayu. Cikin duk dabarun lambu da na sani, kaɗan ne ke buƙatar karatun tsiro kamar wannan.

Sai an san abin da suke nema kafin a gane dalilin wahalar. Dangin da suka fi shagala da shi shi ne wanda masana ke kira Hedychium, kuma sarauniyar dangin ita ce Hedychium gardnerianum. Karanta yakan kai mita 2, ganye faffaɗa mai sheƙi yana jere dama da hagu. A can ƙoli sai ta fitar da zangarniya mai tsawon kamu ɗaya da rabi ko fiye, furanni ruwan ɗorawa sun kewaye ta, kowanne ya zaro dogon tsinke ja wur. Da la'asar sakaliya ƙamshinta yakan cika lambu har ya tsallaka katanga. Duk wannan kwalliya bai fi mako ɗaya zuwa biyu ba ta kaɗe. Don waɗannan 'yan kwanaki mutum ke hidimar shekara.

Wanda bai sani ba zai ce ai matsalar a fili take, tsiron ƙasar zafi ne, sanyi zai kashe shi. Ba a nan gizo ke saƙa ba. Da yawa daga cikin waɗannan tsirrai ba 'yan gandun dajin bakin teku ba ne, 'yan gangaren tsaunukan Himalaya ne, a Nepal da arewa maso gabashin Indiya da kudu maso yammacin Sin, wasu a tudun da ya haura mita 2,000. Can ma ana sanyi, raɓa ma tana daskarewa. Bambancin shi ne yadda shekara ta rabu. Daga Yuni zuwa Satumba ruwa ake yi kamar da bakin ƙwarya, ga ɗumi, tsiro ya yi ta gudu. Da damina ta ɗauke sai kara ya mutu, saiwa ta kwanta barci a ƙasa mai sanyi amma busasshiya. Ingila kuwa ta juya wa wannan tsari baya. Lokacin sanyinta shi ne lokacin da ƙasa ke jiƙe sharkaf wata da watanni, lokacin zafinta kuma zafin ba ya taka kara ya karya. A Landan ma, a tsakiyar Yuli, abin da aka saba gani da rana bai wuce digiri 23 ko 24 ba. Saiwar da za ta iya jure sanyi a bushe, in ta kwana cikin laka mai sanyi sai ta ruɓe. Wadda ta tsira kuma tana da wata matsalar, wadda ta fi ta farko wuya, wato ƙarancin lokaci.

Ga yadda abin yake. Hedychium kamar dawa take, kara ɗaya zangarniya ɗaya, a ƙoli, kuma sai karan ya gama jera ganyensa sannan kai ke fitowa. Karan da ya yi fure ya gama aikinsa, ba zai sake ba. A Ingila ƙasa ba ta yin ɗumin da zai ta da saiwa sai cikin Mayu, wata shekarar har Yuni. Ke nan tsiro yana da wata huɗu zuwa biyar ya fito daga ƙasa, ya kai tsawon mutum, ya haɗa kai, ya buɗe, kafin daren farko da raɓa za ta daskare ta mai da shi baƙi ƙirin kafin gari ya waye. Duk wata dabara ta mai lambu, in ka bi ta, za ka tarar mako ɗaya ko biyu take sato masa, ko a farkon shekara ko a ƙarshenta.

Turawan farko da suka shigo da waɗannan tsirrai ba su gane haka ba, ko kuma ba su damu su gane ba, tunda suna da gawayin kwal. William Roscoe, lauya kuma ɗan majalisa daga Liverpool wanda ya yi suna wajen adawa da cinikin bayi, yana cikin waɗanda suka kafa lambun binciken tsirrai na garin a 1802, kuma dangin citta ne abin da ya fi ɗauke masa hankali. Daga 1824 zuwa 1828 ya yi ta fitar da wani babban littafi mai zane-zanen launi a kansu. Tsirran suna zuwa ne ta hannun irin su Nathaniel Wallich na lambun Kalkata, shi kuma yana samun wasu daga Edward Gardner, wakilin Birtaniya a Katmandu, wanda aka sa wa sarauniyar nan sunansa. Duk abin da ya fito daga Indiya sai a zarce da shi ɗakin gilashi mai murhu, a ɗauka in ya sha iskar waje ya mutu. Haka aka yi ta yi har Yaƙin Duniya na Ɗaya ya cinye ma'aikata, kwal ya yi tsada, manyan gidaje suka kashe murhu, iri da dama suka salwanta.

Abin da ya sake fasalin sana'ar shi ne mutanen da suka hau tsaunin da ƙafarsu suka ga inda tsiron ke zaune. A 1938 Frank Kingdon-Ward ya kawo wata Hedychium densiflorum daga yankin Assam, wadda ake sayarwa yau da sunan Assam Orange. Furenta ƙanana ne a cushe, ruwan lemo, amma tana buɗewa tun Agusta, kuma in an lulluɓe gindinta tana jure sanyin da ya kai digiri 10 ƙasa da sifili. Daga baya Tony Schilling, wanda ya daɗe yana kula da Wakehurst, lambun da hukumar Kew ke riƙe da shi a Sussex, ya kawo wasu biyu daga Nepal, ɗaya a 1966 ɗaya a 1972, ya sa musu sunayen 'ya'yansa, Stephen da Tara. Tara ce ta buɗe wa mutane ido: doguwa, mai babbar zangarniya ruwan lemo, tana kwana a fili shekara da shekaru, ta yi fure a Satumba. Saboda haka matakin farko na gwaninta zaɓe ne. Sabon shiga yakan sayi wadda hotonta ya fi kyau. Gwani yakan tambayi abu biyu, daga wane tudu ta fito, kuma a wane wata take buɗewa.

Sai wuri. A nan ne nake ganin basirar ta fi fitowa, domin dole mutum ya saɓa wa littafi. Littattafan da aka rubuta a ƙasashen zafi suna cewa a shuka citta a inuwa-inuwa, kuma gaskiya suka faɗa, a bakin daji take tsirowa. Amma ranar Ingila ba ranar Indiya ba ce. Wanda ya bi wannan shawara a Norwich ko York zai samu ganye kore shar, ba fure ko ɗaya. Gwanaye sukan nemi gindin bangon bulo mai kallon kudu ko yamma, inda bulo zai sha rana yini guda ya riƙa sakin ɗumi da dare, inda kuma iska ba za ta yayyaga ganye ba. Sukan guje wa kwari a cikin lambu, domin iska mai sanyi nauyi gare ta, gangarowa take ta taru a ƙasa-ƙasa, sai ka ga raɓa ta daskare a wannan kusurwa alhali taku goma daga nan ba abin da ya faru. Mutanen Cornwall da tsibiran Scilly, a kudu maso yamma, sun samu gata: igiyar ruwan ɗumi da ke ratso Tekun Atlantika tana sassauta musu sanyi, shi ya sa lambuna irin su Trebah da Tresco suke cike da tsirran da ba su da dalilin rayuwa a can. Na tsakiyar ƙasa da na arewa su ne ke aikin gaske.

Ƙasar kuma ana son ta yi abu biyu da suke kamar kishiyoyi, ta riƙe ruwa a lokacin zafi, ta sake shi a lokacin sanyi. Maganin shi ne ruɓaɓɓen ganye da tsohon kashin doki mai yawa, a cakuɗa da tsakuwa, in wurin yumɓu ne kuma a ta da kunya ta yi tudu yadda ruwa ba zai kwanta ba.

Wanda ke son sato makonnin farko ba ya jiran ƙasa ta yi ɗumi. Tun Maris yake sa saiwa a tukunya, ya ajiye a ɗakin gilashi ko bakin taga inda ɗumi ya kai digiri 15 zuwa 20. A nan ake gane mai haƙuri. Saiwar da ba ta farka ba ba ta shan ruwa, in aka yi ta kwarara mata don a hanzarta ta, ruɓewa za ta yi. Danshi kaɗan ake ba ta, sai jan tsinin toho ya huda ƙasa sannan a fara ƙarawa. Haka kuma ba a ɗauke ta daga ɗaki a dasa a waje rana ɗaya. Kusan mako biyu ake yi ana fitar da tukunya da safe a mayar da yamma, har ganye ya saba da iska da rana, sannan a dasa a ƙarshen Mayu ko farkon Yuni. Busasshiyar saiwar da ake sayarwa a leda a kantuna, gwanaye ba su cika yarda da ita ba. Ta rasa jijiyoyinta masu kauri, takan ɓata shekara guda tana farfaɗowa, wata ma ba ta farfaɗowa. Sun fi son a ba su yanki daga gindi mai rai, da ƙasarsa a jiki.

Daga Yuni sai a shiga ƙirƙiro damina. Ingila ta yi suna da ruwan sama, amma yayyafi ne, bai kai ko kusa da abin da gangaren Himalaya ke sha ba, gindin bango kuma ya fi ko'ina bushewa. Don haka ban-ruwa ake yi mai nauyi, a jiƙa har ƙasa, kuma tsiron da kansa yake faɗin ƙishinsa, gefen ganye ya naɗe ciki. Ci kuwa, Hedychium ba ta ƙoshi. A farko ana ba ta takin da ke gina kara da ganye, domin siririn kara ba ya fure, sai mai kaurin babban yatsa ko fiye. Wajen Yuli sai a juya zuwa takin ruwan da ake sayarwa don tumatir, mai yawan fotash, duk mako ko mako biyu. Rana tana taimakawa da abu ɗaya: a ƙarshen Yuni yinin Landan ya haura awa 16, saboda haka abin da aka rasa a zafi ana ɗan rage shi da tsawon haske.

A cikin Agusta za ka ga mai lambu yana abin da baƙo ba zai gane ba. Yana bin kara ɗaya-ɗaya, ya kama ƙoli tsakanin babban yatsa da manuniya, ya ɗan matsa a hankali. In wurin siriri ne, naɗaɗɗen ganye ne kawai ke tafe, da sauran jira. In ya ji wani ƙullutu mai tauri a ciki, kuma ya lura ganyen ƙarshe ya fi na ƙasa gajarta, to kai ya haɗu. Daga nan lissafi yake yi da kalanda. Kan da aka ji a tsakiyar Agusta ya tsira. Wanda bai bayyana ba sai ƙarshen Satumba, sai an yi da gaske: a tanadi farin mayafin nan marar nauyi da ake rufa wa tsiro, a riƙa sauraron hasashen yanayi kowace yamma, daren da sama ta yi garau ba gajimare ba iska a fita da tocila a lulluɓe. Sau da yawa dare ɗaya ko biyu ne masu haɗari, in aka tsallake su sai a sake samun mako biyu ko uku na sauƙi, fure ya buɗe. In kuma ba makawa, a yanke zangarniyar a sa a ruwa a ɗaki, ta ƙarasa a can.

Akwai waɗanda duk wannan ba ya isar su. Farar Hedychium coronarium, wadda ƙamshinta ya fi na kowa, wadda kuma Kyuba ta ɗauka furen ƙasa ko da yake asalinta Asiya ne, makararriya ce, ba ta shirya buɗewa sai sanyi ya ƙwanƙwasa ƙofa. Ita a babbar tukunya ake riƙon ta, ta yi lokacin zafi a waje, Oktoba na kamawa a ja ta ciki. Alpinia zerumbet kuwa, mai furanni farare masu sheƙi da ke reto a jere, tana da wani hali da ya sha yaudarar mutane: ba ta fure sai a karan da ya shekara. Saiwarta na iya tsira a fili, ta yi ta fitar da sabon kara duk shekara, mai ita yana murna tana raye, amma tunda sanyi na kashe karan kafin ya shiga shekara ta biyu, har abada ba zai ga fure ba. Dole a raya karan kansa a ɗakin da sanyi ba ya sauka ƙasa da digiri 5 zuwa 7. To, a ɗakin gilashi kuma sai a yi gudun gara a faɗa gidan zago, domin busasshiyar iskar ciki ita wasu mitsi-mitsin jajayen ƙwari masu saƙa ke so, su tsotse ganye ya yi fari-fari. Ana yaƙar su da fesa ruwa a bayan ganye, wasu kuma su yi odar wani ƙwaron da ke cin su, a aiko musu ta gidan waya. Dangin gangamau na ado, irin Curcuma alismatifolia ta ƙasar Tailan, nasu sharaɗin daban ne: da ganye ya mutu a ɗauke ruwa ƙaf, a ajiye tukunya a wuri mai ɗan ɗumi, kada ɗigo ya taɓa ta sai Maris ko Afrilu.

A ɗaya ɓangaren akwai masu sauƙin kai. Roscoea, wadda aka sa wa sunan mutumin Liverpool ɗin nan a 1806, gajera ce, mai fure shunayya ko ruwan ɗorawa, 'yar can saman tsauni, wasu irinta sama da mita 4,000. Ita sanyi ba ya damun ta in an binne ta da zurfi, kamar santimita 15. Haɗarinta mai lambun ne da kansa, domin ba ta leƙowa sai ƙarshen Mayu ko Yuni, mutum ya ga fili ba komai ya kafa shebur ya raba ta biyu. Shi ya sa ake kafa mata tsinke. Japanawa kuma suna da tasu, myoga, wadda tohon furenta ke fitowa daga ƙasa a gindin kara, su tsince shi kafin ya buɗe su yanyanka a abinci.

Abin dariya a nan, ko abin takaici, shi ne cewa sarauniyar nan da Bature ke lallashi da mayafi da tocila, a wasu wuraren annoba ce. A Hawaii da New Zealand da tsibiran Azores, inda ba sanyin da zai taka mata birki, ta tsere daga lambuna ta mamaye daji, saiwarta ta shimfiɗe ƙasa yadda 'ya'yan itatuwan gida ba sa samun wurin tsira, tsuntsaye kuma suna yaɗa jajayen 'ya'yanta. Tana cikin jerin halittu 100 mafiya ɓarna a inda ba ƙasarsu ba, kuma New Zealand ta hana sayar da ita. Sanyin da mai lambun Ingila ke kuka da shi, shi ke tsare masa daji.

Saura kwanciyar sanyi. Da raɓa ta ƙona kara, ana yanke shi a bar ɗan dungu, a tara busasshen ganye ko ɓawon itace ko tattaka a kan gindi, kaurin santimita 15 zuwa 20. Manoman cittarmu na kudancin Kaduna sun san lulluɓe gona da ciyawa bayan shuka, su don danshi ya zauna kuma rana kada ta dafa iri. A Ingila kuwa don kada ƙasa ta daskare har ta kai ga saiwa. Masu ƙasar yumɓu sukan ɗora falle na roba ko fale-falen dutse a sama, a karkace, ruwa ya riƙa zurarewa gefe. Sai dai lulluɓin nan yana da ranar cirewa, kuma sanin ranar ne ke raba gwani da mai koyo. Abin da ya hana sanyi shiga a Janairu, shi zai hana ɗumi shiga a Afrilu. In aka bar shi, ƙasa ta makara wajen ɗumi, an yi asarar makonnin da ake ta fafutukar samu, ga katantanwa ta samu maɓoya tana jiran sabon toho. In aka yi gaggawar kwashewa, dare ɗaya na sanyin ƙarshe ya ƙona tsinin. Yawanci kaɗan-kaɗan ake janyewa, a bar tarin a gefe yadda za a iya mayarwa da yamma in sama ta nuna alama.

Gindin da ya zauna lafiya ba a cika taɓa shi ba, domin Hedychium ta fi fure in ta yi shekaru a wuri ɗaya ta tara ƙarfi. Amma saiwar gaba take ci, tana hawa kan 'yar'uwarta har ta fito sarari, tsakiyar gindi ya zama tsohon itace marar toho. Bayan shekara huɗu ko biyar sai a tone a lokacin da toho ya fara motsi, ba a cikin sanyi ba, don yankan da aka yi a saiwa mai barci ƙofar ruɓa ce. Tauri gare ta, wani lokaci sai da zarto. A jefar da tsohuwar tsakiya, a zaɓi na gefe masu ido biyu ko uku da jijiyoyinsu, a bar yankan ya sha iska, a mayar. Kada a yi rowa wajen girman yanki. Ƙaramin gutsure zai rayu, amma sai ya yi shekara biyu ko uku kafin ya fitar da kara mai kaurin da zai ɗauki fure.